Faɗuwa ta Huɗu

Salama ga duk wanda rubutun nan ya faɗa hannunsa. Sunana Rifkatu, amma a Azare da Maman Ladi aka san ni. Na daɗe da labarin nan a ciki, domin duk sanda na fara ba da shi a zumuntar mata ta coci sai a ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Na bar wa Allah tun tuni. Abin da ban yarda ba shi ne wata ta zauna tana kallon ɗan'uwanta yana narkewa, jama'a kuma suna yaba masa. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni ba ni da gemu, amma wutar a gidana ta ci.

Mu mutanen kudancin Bauchi ne. Aiki ya kawo ni Azare a zamanin soja, ina buga tafireta a sakatariya, mijina kuma yana Bauchi, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Ƙanena Filibus ni na goye shi bayan mamarmu ta rasu, kuma da ya gama makaranta ya zama malamin gona sai ya biyo ni. Ɗakin da ke kusa da zaure muka kama masa a gidan Hajiya, inda nake haya. Kullum yana kan babur, yau Udubo, gobe ƙauyukan Katagum, yana koya wa mutanen da suka haifi ubansa yadda ake zuba taki. Saurayi ne dogo, mai cika riga. Aibinsa ɗaya, barci. Tun yana yaro ko ganga aka buga a kansa ba ya motsi, sai na ja masa babban yatsan ƙafa.

A shekarar da nake magana, azuminmu da na Musulmi tare suka kama. Ranar Larabar Toka Fada, limamin cocinmu, ya shafa mana toka a goshi, ya tuna mana cewa ƙasa muke kuma ƙasa za mu koma, ba a jima ba aka ga watan Ramadan. Gari ya zama ɗaya, kowa leɓe a bushe, kowa yana tafiya a jikin bango yana neman inuwa.

A cocinmu akwai al'ada. Ranar Juma'a Mai Tsarki matasa sukan yi wasan Hanyar Gicciye a cikin haraba, tun daga shari'ar Yesu har zuwa sa shi a kabari. A shekarar nan Filibus aka zaɓa ya ɗauki gicciyen. Ya dawo gida yana murna kamar an ba shi mata, ya ce zai bar gemu, zai kuma yi azumi irin na maƙwabtanmu, ba ci ba sha sai rana ta faɗi. Na ce masa coci ba ta nemi haka ba. Ya ce, "Yaya, kina so in hau gicciye da wannan kumatun? Ai yara dariya za su yi."

Makon farko ƙishirwa ce kawai. Da an kira magariba sai ya kafa kai a moɗa, ya shanye, ya sake ɗiba, har in ji moɗar tana karce gindin randa. Ban damu ba, don 'ya'yan Hajiya ma haka suke yi. Ita kuwa Hajiya, da ta ji yaron Kirista yana azumi irin nasu, sai ta mai da shi ɗa. Kullum ga dabino, ga ƙosai, ga kunun tsamiya da aka zuba wa sukari kamar ba da kuɗi ake sayensa ba. "A kai wa Filibu," take cewa, "shi ma mai azumi ne, ladan nake so."

A mako na biyu randar da ke kai mu kwana biyu ta daina kwana da ruwa, har ɗan garuwa ya fara yi mini kirari. Abin da ya sha kuma bai zauna ba, sai zirga-zirga zuwa makewayi. A nan na fara ganin kiyashi. Da safe in na shiga wanke makewayin, sai in tarar sun yi cincirindo a kusurwar da yake tsugunawa. Na zuba ruwan zafi, na zuba toka, na zuba kananzir. Washegari suna nan. Wata safiya na bi layinsu in ga daga ina suke. Daga gindin katanga suka fito, suka ratsa ta ƙofar kicin, suka wuce gwangwanin sukarina ba su ko tsaya ba, suka nufi kusurwarsa. Bayan 'yan kwanaki na same su a wandonsa da ke rataye a ƙusa, na same su a gefen tabarmarsa. Shi kaɗai suke bi a gidan nan. Na san ruwa ba ya tsami banza.

Mako na uku na tasa shi gaba zuwa wani ƙaramin asibiti. Tun hantsi muke kan benci sai bayan azahar muka shiga. Malamin asibitin shi ma azumi yake, idonsa ya faɗa. Ya ja fatar idon Filibus, ya ce, "Kana azumi?"

"Ina yi."

"Kana yawo a babur cikin ranar nan?"

"Ina yi."

"To me kake so jikinka ya yi? Dubi layin nan, wa ka gani da ƙiba?"

Na ce, "Malam, akwai kuma kiyashi, suna bin fitsarinsa."

Ya yi dariya mai gajiya. "Madam, nan mutane muke dubawa. Maganin ƙwari yana kasuwa." Ya rubuta mana ƙwayar zazzaɓi da maganin ƙarin jini, wani jan ruwa mai zaƙi a kwalba. Kuɗin cefanen sati ya tafi a nan.

Daga nan shawara ta fara zuwa kamar ruwan sama. Goggonmu a ƙauye ta aiko da saƙo cewa kiyashi ba sa bin mutum sai an yi masa binne, wai abokan aikinsa ne ke baƙin cikin babur. Ta haɗo da garin magani, ta ce a riƙa kwaɓa masa da zuma. Baba Katikis, dattijon da ke koya wa matasa wasan, shi kuma ya ce, "'Yata, duk wanda zai ɗauki gicciyen nan sai Shaiɗan ya gwada shi. Na bara ma sai da ya karye a hannu. Ki taya shi da addu'a, ki daina tsorata shi." Yanzu in na zauna ina tunawa, duk wanda ya ƙaunaci Filibus a makonnin nan abu mai zaƙi ya miƙa masa.

Sai Sallah ta zo. Cikin kwanaki kaɗan garin ya murmure, kumatu suka dawo, fuskoki suka yi sheƙi. Filibus kaɗai aka bari a baya. A da ya ɓace cikin ramammu, yanzu kuwa kowa yana iya ganinsa. Wuyansa ya zama kamar na tulu, ya huda wa bel ɗinsa sababbin ramuka da ƙusa. Wata rana ya dawo daga wajen Katagum da gwiwa a goge, ya ce hanya ce ta yi masa dishi-dishi ya faɗa cikin rairayi. Ciwon nan bai taɓa kamewa ba.

Na ɗauka yanzu mutanen coci za su tsorata. Ina! Yabo suka fara. Matan zumunta suna taɓa juna suna cewa, "Kai, ku dube shi, sak hoton Yesu da ke bango!" Wata tsohuwa har ta durƙusa ta gaishe shi. Raina ya ɓaci, na je na kai ƙararsa wurin Fada. Fada mutum ne mai sanyi, ya kira shi ya ce, "Filibus, Allah ba ya bukatar ka kashe kanka, Ɗansa ya riga ya mutu domin kowa. Daga yau ka sha ruwa, umarni ne." Ya bi umarnin. Ya sha da safe, ya sha da rana, ya ci tuwo kamar mutum uku, amma ramar ba ta tsaya ba. A nan na tabbata ba azumi ne ke cinsa ba. Sai dai jama'a sun riga sun yanke hukunci, kuma hukuncin ya yi musu daɗi.

Na ja shi babban asibiti. Aka yanka mana kati, aka ce a kai fitsari ɗakin gwaji, can kuma aka ce kayan gwajin sun ƙare, mu dawo bayan hutun Ista. Na ce mu tafi Kano. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, saura mako guda da 'yan kwanaki. Ranar Talata bayan Ista ki kai ni duk inda kike so, ko Ikko ne." Muka tsaya a kan Talata.

A wannan lokacin an riga an lulluɓe gicciye da siffofin tsarkaka na cikin coci da ƙyalle shunayya, kamar yadda ake yi in Mako Mai Tsarki ya gabato. Kowace shekara ina gani ban damu ba. A shekarar nan kuwa in na shiga shara da rana tsaka, sai in ga kamar mutane ne suka tsaya a kusurwoyi sun rufe fuska don kada su ga abin da ke zuwa.

Ni aka ɗora wa sayen farin yadin da za a naɗe shi a ƙarshen wasa. Na je kasuwa rumfar wani Alhaji mai yadi, na ce a yanko mini fari, tsawon namiji dogo. Alhajin ya ajiye almakashi ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baiwar Allah, wa aka rasa?"

Na yi dariya na ce ba kowa, na wasa ne a coci, ƙanena za a naɗe na ɗan lokaci.

Ya dube ni. "Mai rai?"

"Mai rai, Alhaji."

Ya yanka, ya ninke, amma bai miƙo mini da hannunsa ba, a kan tebur ya ajiye. Ya ce, "Kowa da addininsa. Amma mu nan ba ma auna wa mai rai likkafani." Ya ƙi karɓar kuɗi, ni kuma da taurin kaina na ajiye masa na tafi.

Ranar Alhamis Mai Tsarki aka kwashe kayan bagade, wato teburin sujada, aka bar shi tsirara, aka ɗaure ƙararrawa, don ba ta sake kaɗawa sai Ista. A madadinta wani ɗan katako ake bugawa, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Filibus ya wuni yana amai, yana riƙe ciki. Bakinsa yana wani irin wari mai zaƙi, irin na mangwaron da ya ruɓe a gindin bishiya. Na ce gobe ba inda za shi. Ya ce, "In ban je ba wa zai yi? Ba wanda ya haddace."

Juma'a rana ta take. An ja igiya a harabar coci, mu 'yan kallo muna bayanta, ni da butar ruwa a hannu. Matasa sun yi hular soja da kwali, suna riƙe da bulalar tsumma da aka tsoma a jar kala. A Hanyar Gicciye sau uku Yesu yake faɗuwa, ko yaron goye ya sani. Kowace faɗuwa tana da wurinta, a nan Baba Katikis zai karanta addu'a mu kuma mu durƙusa. Filibus ya yi ta farko, ya yi ta biyu, ya yi ta uku. Ya tashi, ya yi 'yan taku, sai ya sake kifewa, a wurin da ba a tsayawa.

Baba Katikis ya ɗaga kai daga littafi, ya dube shi, ya sake duba littafin. Sojojin kwali suka zaci ƙari ya yi don wasan ya yi armashi, suka rufe shi da bulala suna masa tsawa. Mata suka ƙara ƙarfin kuka. Na ɗaga igiya zan shiga ina cewa, "Uku ne! Sau uku ne!" Wata ta riƙe mini zani ta baya. "Maman Ladi, kar ki ɓata, Ruhu ne ya sauko masa."

Suka ja shi suka ɗaure a gicciye da igiya, ƙafarsa a kan ɗan katako. Akwai inda wanda aka gicciye yake neman ruwa, sai a miƙa masa soso a kan sanda, an tsoma shi a ruwan tsamiya, shi kuma ya kau da kai. Filibus bai kau da kai ba. Ya cafke soson da haƙori yana tsotsa har sandar tana rawa. Sai ya nemo ni da ido a cikin taron nan, ya ce, "Yaya, ruwa." Na ga bakinsa, na san abin da ya faɗa. Amma mawaƙa sun riga sun ɗauki waƙar makoki, ba wanda ya ji. Kansa ya langaɓe tun bai kai ga kalmominsa na ƙarshe ba, Baba Katikis ne ya karanta masa su.

Aka sauko da shi, aka naɗe shi a yadin da na saya. Yadin yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka, da ƙarfi. Na ji Baba Katikis yana gunaguni, "Ya ɗan riƙe numfashin mana." Kabarin na zana ne da takardun buhun siminti da aka shafa wa ƙasa, an jingina shi da katangar baya, ƙofarsa wani babban faifai. Al'adar ita ce a rufe shi a ciki, jama'a su shige coci shiru, shi kuma ya sulale ta baya ya tafi gida ya ɓuya, kada a gan shi sai safiyar Lahadi in ya fito da fararen kaya. Saboda haka ba wanda zai neme shi. Aka rufe faifan, katakon nan ya yi ƙwas, ƙwas, kowa ya juya ya shige.

Ni ban shiga ba. Na zagaya bayan kabarin da butata ina jira ya fito in zazzage shi da faɗa. Harabar ta yi tsit, ko tsuntsu babu. Na kira sunansa a hankali. Abin da na ji daga cikin zanan kamar zuga-zugin maƙeri ne. Sai na duba ƙasa. Layin kiyashi ne, siriri, ya taso tun daga gindin gicciyen, ya ratsa harabar, ya shige ƙarƙashin zanan.

Na fizge faifan na yar. Na yaye yadin daga ƙafarsa, na ja babban yatsan. Na sake ja. A duk rayuwarsa ranar ce ta farko da na ja yatsan nan bai ce "Yaya, bari mana" ba.

Jama'a suna layi ba takalmi suna sumbatar gicciye lokacin da na faɗa cocin ina ihu. Ni ce matar da ta fasa shirun Juma'a Mai Tsarki a Azare, kuma har gobe ban nemi gafarar kowa a kan haka ba. Fada bai tsaya tuɓe rigar sujada ba, da ita ya tuƙa akori-kurarsa zuwa asibiti.

Ranar hutu ce, likita ɗaya ne a bakin aiki, wani matashi mutumin Misau. Ya sunkuya ya sansana bakin Filibus, ya ɗago ya ce, "Tun yaushe yake yawan shan ruwa?" Na faɗa masa. Ya ce, "Kin taɓa ganin kiyashi a inda ya yi fitsari?"

Na zauna a siminti. Makonni ina faɗar maganar nan ana mini dariya, ga wanda ya tambaye ni da kansa, bayan an gama.

Ya ce ciwon suga ne, ya cika jininsa har yana zuba a fitsari. Na ce ai wannan na tsofaffi ne da masu tumbi. Ya ce akwai na matasa, kuma shi ne mai gaggawa. Ya sa aka ɗaura masa ruwa, sannan ya faɗi wata kalma da ban taɓa ji ba kuma ban taɓa mantawa ba: insulin. Allura ce, babu ita a ma'ajiyar asibiti. Masu kemis na garin kuwa yawancinsu namu ne, wasu sun tafi gida Ista, sauran suna cikin cocin da na baro. Aka fito da ɗaya daga layin sumbatar gicciye, ya ce ba ya ajiye ta, don sai da sanyi, wuta kuma ba ta zama.

Ɗan Hajiya direba ne. Ko abinci bai tsaya ci ba ya kama hanyar Kano, uwarsa ta kwance haɓar zaninta ta ba shi abin da ke ciki, matan zumunta suka cika sauran. Matan nan, har da wadda ta riƙe mini zani, su ne suka kwana a barandar asibiti suna addu'a. Ina jin haushinsu, ina kuma gode musu, kuma ban ga dalilin da zai sa in zaɓi ɗaya ba. Hajiya kuwa da ta ji sunan ciwon sai ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni, da hannuna na dama masa!" Na ce, "Hajiya, ƙauna kika dama masa. Likita ya ce ba kununki ya kawo shi ba." Gaskiya likitan bai ce haka ba sai daga baya, amma ban iya kallonta a haka ba.

Da hantsin Asabar allurar ta iso, cikin fulas da ƙanƙara. Aka fara yi masa.

Asabar Mai Tsarki rana ce da coci ba ta da komai da rana. Ba sujadar Mas, ba ƙararrawa, bagade tsirara. A da ranar kitso da figar kaji na ɗauke ta. A kan bencin asibiti na gane ta. Rana ce ta waɗanda suka sa nasu a kabari suka koma gida, ba su san Lahadi tana zuwa da wani abu ba, ba abin yi sai zama. Na zauna ina kallon ruwan yana ɗiga, ina kaɗe kiyashi daga ƙafar gadon. Na yi addu'a, ban ji an amsa ba, ban kuma ji an ƙi ba.

Wajen la'asar ya buɗe ido. Muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Yaya, an gama?"

"An gama."

"Na yi daidai?"

Bakina ba ya hutawa ko a gaban mutuwa. Na ce, "Ka ƙara faɗuwa ɗaya, Baba Katikis yana nemanka."

Ya ɗan murmusa. "Gobe ki tashe ni da wuri. Ni ake jira, kar in makara."

Na ce to. Kafin a kira magariba ya tafi. Likitan ya tsaya a bakin gadon, ya ce ƙodarsa ta riga ta gaji tun kafin allurar ta zo. Ya ce da an gwada fitsarin nan makonni biyu da suka wuce, da wani zance ake.

Fada ya ce a ka'idar coci ba a yin Mas ɗin jana'iza sai Litinin, don haka aka kai shi ɗakin ajiye gawa. Safiyar Lahadi na tafi coci, ba don sujada ba, yadina na je ɗauka. Na tarar jama'a sun taru a haraba gaban kabarin zana kamar yadda aka saba, don ba wanda ya san abin da za a yi in ba haka ba. Faifan yana nan yashe inda na yar da shi. Wani cikin matasan ya ninke yadin ya ajiye a ciki, 'yan kiyashi suna yawo a kansa. Ba wanda zai fito da fararen kaya. Rami ne kawai, da likkafani a ninke.

Na tsaya ina kallo. Shekara da shekaru muna wasan nan, kullum da saurayi yana fitowa yana murmushi muna guɗa. Sai a ranar na ga abin da matan nan na farko suka gani da suka je kabarin Yesu da sassafe. Su ma ba biki suka je ba. Gawa suka je nema, ni kuma likkafani.

Fada ya fito, ya yi gaisuwar Ista: "Almasihu ya tashi." Ya kamata taron ya amsa gaba ɗaya. Ba wanda ya buɗe baki. Duk suka juyo suna kallona, har Baba Katikis da ya tsufa a dare biyu.

Ba zan yi ƙarya in ce farin ciki ya sauko mini ba. Fushi ne ya cika ni. Na shiga kabarin na ɗauko yadin, na kakkaɓe shi, na rungume, na ce da ƙarfi, "Hakika ya tashi. To tunda ya tashi, ya san hanyar fita. Ga ƙanena can a kwance." Sannan taron ya amsa, da kuka, aka kwance ƙararrawa. Tun ina yarinya nake cin shinkafar Ista, sai ranar na san idin nan na mai gawa ne. Wanda bai da kowa a ƙasa, waƙa kawai yake ji.

Ga abin da na ɗauki biro dominsa. In kun ga mutum yana sha ba ya ƙoshi, yana fitsari ba iyaka, yana ci yana ramewa, kada ku ce azumi ne, kada ku ce zafi ne, kada ku ce Ruhu ne ko sammu. In kun ga kiyashi suna binsa, ku ɗauke shi a ranar, ku tsaya a kan a gwada fitsarinsa, in babu a garinku ku shiga mota. Kada ku yarda da Talata. Ni dai tun daga shekarar nan, kowace Juma'a Mai Tsarki ina bakin igiya da butata ina ƙirga faɗuwa, kuma ba a barin yaron kowa a kabarin zana sai na leƙa ya yi mini magana. Matasan yanzu suna ce mini tsohuwa mai ɓata wasa. Su faɗa.

Ranar Litinin muka sa shi a maƙabartar Kiristoci ta bayan gari. Alhaji mai yadi ya zo ta'aziyya, ban san wa ya gaya masa ba. Ya zauna a tabarma ya yi mana gaisuwa, bai ce ai na faɗa miki ba, da zai tashi ya tura kuɗin nan nawa ƙarƙashin tabarmar.

Da yadin muka naɗe shi, ya yi masa daidai. Kafin a rufe ƙafafun na ce maza su ba ni wuri. Na yi masa alkawari, kuma na riga na makara da kwana ɗaya. Na kama babban yatsan, ya yi sanyi, na ja yadda na saba. Sannan na rufe, na gaya wa Mai Ista cewa ni na yi nawa, saura nasa.